TAKARDA BA TA JINYA

 Ni akawu ne, da alƙalami nake cin abinci, saboda haka in na yi zancen takarda ku saurare ni, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na san yadda ake rubuta rahoto ya fito fes, na san yadda ake jera lissafi har shugaba ya duba ya yi murmushi ya sa hannu. Na kuma san abin da shugaban bai sani ba, ko kuwa ya sani ya kau da kai: takarda ba ta da baki, duk abin da ka ɗora mata za ta ɗauka, ba ta taɓa ce wa mai rubutu ƙarya kake yi ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne wani sabon yayi da ya shigo wa manyanmu. Da ka ce musu asibiti ya lalace, sai su ce an kafa kwamitin inganta aiki. Da ka ce tsoho ya kwana cikin fitsarinsa ba wanda ya leƙa shi, sai su ce ai ga takardar shaida can a bango, masu dubawa sun zo sun yaba. In ka matsa, sai su rufe maka baki da cewa wannan tsari daga Ingila aka kwaso shi, kai wane ne da za ka ja da Turawa? To, madalla. Tun da Ingila suka kafa mana hujja da ita, mu tafi Ingilar tare, mu ga abin da takarda ta yi wa tsofaffi a can.

ASIBITIN DA YA CI JARRABAWA

A tsakiyar ƙasar Ingila akwai wani gari ana ce masa Stafford, yana da babban asibitin gwamnati. Tsakanin 2005 da 2009 an yi wani abu a wannan asibiti wanda har yau in aka ambaci sunan garin, likitocin ƙasar sai su sunkuyar da kai.

Shugabannin asibitin suna da buri guda. Akwai wani matsayi da gwamnati kan ba asibitin da ya nuna ya iya riƙe kuɗinsa, in ya samu sai a sakar masa mara, ya riƙa gudanar da sha'aninsa ba a cika sa masa hannu daga sama ba. Domin su sami wannan matsayi tilas littafin kuɗi ya yi kyau. Sai suka ɗaura niyyar rage kashe fam miliyan 10 cikin shekara guda, suka soke guraben aiki wajen 150, alhali tun kafin nan ma'aikatan ba su isa ba. Da aka ƙirga daga baya, aka tarar asibitin yana da giɓin nas 120.

Ku ji abin da ya biyo baya, kuma wannan ba shaci-faɗi ba ne, yana rubuce cikin rahoton hukuma. A sashen gaggawa, wanda zai fara duba mutum ya yanke ko ciwonsa na jira ne ko na maza-maza, akawun karɓar baƙi ne, wanda bai taɓa koyon aikin jinya ba. A ɗakunan kwanciya tsofaffi na danna ƙararrawa suna neman a kai su bayan gida, ba mai amsawa, har su ɓata shimfiɗarsu, su kwana a ciki. A kawo abinci a ajiye inda hannun majiyyaci ba ya kaiwa, an jima a zo a ɗauke kwanon yadda aka kawo shi. Ruwan sha ya gagara. Waɗansu suka gaji da jira suka yunƙura su tashi da kansu, suka faɗi suka karye. 'Yan'uwan marasa lafiya suka riƙa kwasar zannuwan gado suna kaiwa gida suna wankewa, waɗansu har wanke bayan gidan asibiti suka yi da hannunsu.

Cikin watan Afrilu na 2007 wata mata mai shekara 66, mai ciwon sukari, ta mutu a can. An kwantar da ita ne saboda faɗuwar da ta yi. Allurar insulin da ranta ya dogara a kai ba a yi mata ba, domin masu sauka daga aiki ba su miƙa bayaninta yadda ya kamata ga masu hawa ba, masu hawan kuma ba su duba takardarta ba. Magani yana nan cikin asibiti, likita yana nan, mata ta mutu saboda ba wanda ya karanta abin da ke rubuce. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

To, ina masu dubawa? Suna nan, jama'a, birjik! Akwai hukumar duba asibitoci, akwai hukumar duba kuɗinsu, akwai hukumar lafiya ta yanki, akwai ma'aikatar lafiya a Landan. Amma yadda ake auna asibiti a lokacin, asibitin ne da kansa zai cika takarda ya ce na cika sharaɗi kaza da kaza, ya aika, kaɗan ne daga ciki ake zuwa a gani da ido. An ba kura ajiyar nama, sa'an nan aka ce ita za ta rubuto rahoton ko naman yana nan.

Akwai kuma wata doka mai kyan ji, cewa kada mutum ya wuce awa 4 a sashen gaggawa ba a sallame shi ko an ba shi gado ba. Wa zai ƙi wannan? Amma da aka mai da awa 4 ta zama ma'aunin da ake yabon shugaba ko a tsige shi, sai aka daina jinyar mutum aka koma jinyar agogo. In lokaci ya kusa cika sai a tura majiyyaci wani ɗaki na gefe, a rubuta an gama da shi, ya zauna can ba mai kula. Wata nas mai suna Helene Donnelly ta ba da shaida cewa ana matsa musu su sauya lokacin da ke rubuce domin lissafi ya daidaita, da ta ƙi yin shiru kuwa aka yi ta yi mata barazana.

A 2007 aka buga lissafin mace-mace na asibitocin ƙasar. Inda ake sa ran 100, na Stafford ya nuna 127. Mai hankali in ya ga haka sai ya tashi daga kujera ya shiga ɗakin marasa lafiya ya duba. Su kuwa suka ce ai kuskuren akawu ne, ba a rubuta sunayen cututtuka daidai ba, hukumar lafiya ta yanki kuma ta nemo masana daga jami'a su duba hanyar lissafin. Kun ji fa, ko a Ingila in abu ya ɓaci akawu ake fara ɗora wa!

Cikin watan Fabrairu na 2008 aka ba asibitin matsayin da yake nema. Watan da ya biyo, Maris, hukumar duba asibitoci ta buɗe bincike a kansa saboda yawan mutuwa. Hukumar da ta ba da lambar yabo ba ta san abin da 'yar'uwarta ke shiryawa ba, gama ba sa magana da juna. Kowa yana ofishinsa, kowa fayil ɗinsa ya cika, kowa ya yi aikinsa bisa ƙa'ida.

MACE GUDA TA FI HUKUMA BIYAR

Wadda ta hana a rufe wannan al'amari ba ta da ofis, ba ta da hatimi. Sunanta Julie Bailey, tana da ɗan kantin shayi a garin. A 2007 aka kwantar da mahaifiyarta, tsohuwa mai shekara 86. Abin da ta gani a kwanakin farko ya tsorata ta, har ta ƙi barin tsohuwar ita kaɗai, ta yi mako 8 tana kwana a kujera kusa da gadonta. Cikin dare tana jin kukan sauran tsofaffi, ita ke tashi ta ba wannan ruwa, ta taimaki wancan. Cikin Nuwamba tsohuwar ta rasu. Julie Bailey ta kai ƙara ba a saurare ta ba, sai ta rubuta wa jarida tana tambaya ko akwai wanda ya ga irin abin da ta gani. Mutane suka yi ta zuwa. Suka kafa ƙungiya, kantin shayin nan ya zama ofishinsu, suka manna hotunan mamatansu a bango.

Rahoton hukuma ya fito cikin Maris 2009. Ya nuna cewa in shugabannin asibitin suka zauna taro, yawancin zancensu kuɗi ne da cika adadi da neman matsayi, zancen majiyyaci kuwa ɗan kaɗan. Iyalan mamata suka ce a yi bincike a bainar jama'a, a kira kowa ya rantse. Gwamnatin Leba ta lokacin ta ƙi, ta ce a yi shi a ɗaki. Sai da mulki ya sauya hannu a 2010 sa'an nan aka yarda. Wani babban lauya, Robert Francis, shi ya shugabanci binciken, rahotonsa ya fito ran 6 ga Fabrairu 2013 da shawarwari 290. A ranar Firayim Minista David Cameron ya tashi cikin majalisa ya roƙi gafarar iyalan.

Jaridu sun yi ta buga cewa mutum 400 zuwa 1,200 ne suka mutu fiye da ƙima. Francis da kansa ya ce wannan lissafi ba abin dogara ba ne wajen faɗin adadin waɗanda sakaci ya kashe, ni ma ba zan kafa hujja da shi ba. Ba na bukatarsa. Tsohuwa guda da ta kwana cikin ƙazanta tana kira ba a amsa ba, a asibitin da ke riƙe da takardar yabo, ta isa hujja.

Sakamako fa? A 2014 kotu ta ci asibitin tarar fam 200,000 saboda matar nan mai ciwon sukari. Daga aljihun wa? Daga kuɗin jama'a, watau daga kuɗin da za a yi wa waɗansu marasa lafiya magani. A ƙarshen shekarar aka karɓe asibitin daga hannun hukumarsa, aka sauya masa suna. Ita kuwa Julie Bailey, waɗansu mutanen garin suka juya mata baya, wai ta jawo za a rufe musu asibiti, aka yi ta aika mata zagi, aka ɓata kabarin mahaifiyarta, har ta tattara ta bar garin a 2013. Daga baya Sarauniya ta ba ta lambar girma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

GIDAN TSOFAFFI, KASUWAR ATTAJIRAI

Kada wani ya ce wannan asibitin gwamnati ne, a ba 'yan kasuwa za su gyara. Ga labarin 'yan kasuwar.

A Ingila yawancin gidajen da ake ajiye tsofaffi ana kula da su, kamfanoni ne ke da su. Mafi girmansu a wancan lokaci shi ne Southern Cross, mai gida wajen 750 da tsofaffi wajen 31,000. Dabarar da aka gina kamfanin a kai ita ce a sayar da ginin a karɓi kuɗi a dunƙule, sa'an nan a koma ana biyan haya a cikinsa, hayar kuwa tana hawa kowace shekara. Waɗanda suka ƙulla wannan suka kwashi ribarsu suka yi gaba. Da haya ta wuce fam miliyan 200 a shekara, kuɗin shiga kuma ya ja baya, kamfani ya durƙushe a 2011, aka shiga neman wanda zai karɓi tsofaffi 31,000 kamar kayan gwanjo.

Ɗaya daga gidajen kamfanin shi ne Orchid View, a kudancin ƙasar. Sabon gini ne, an buɗe shi a 2009, mai kyan gani, iyalai na biyan kuɗi mai yawa kowane wata. A farkon 2010 hukumar dubawa ta zo ta ba shi shaidar cewa yana da kyau. A cikin wannan shekara aka riƙa ba wata tsohuwa mai shekara 77 maganin tsinka jini ninki uku na abin da likita ya rubuta, aka kai ta asibiti, daga baya ta rasu. Ana barin tsofaffi cikin ƙazanta, ana ajiye ƙararrawar kira inda hannunsu ba ya kaiwa.

Wa ya tona? Akawun gidan, wata mata. Ita aka umarta ta yayyage takardun da ke nuna yawan maganin da aka ba tsohuwar nan, domin kada asibiti ya gani. Abin ya tsaya mata a rai. A 2011, da ta ji an sami kuskuren magani 28 a dare guda, sai ta kira 'yan sanda. Aka rufe gidan cikin Oktoba na shekarar. A 2013 mai shari'ar binciken mutuwa ta duba rasuwar mutum 19, ta yanke cewa sakaci yana da hannu cikin 5, ta ce zalunci ya zama ɗabi'ar gidan tun daga sama har ƙasa. An kama waɗansu ma'aikata, amma ba a gurfanar da kowa ba. Hukumar dubawa ta fito daga baya ta amsa cewa ta yi sanyin jiki. Ihu bayan hari.

Yanzu ku haɗa labaran nan biyu, za ku ga takarda iri biyu ce. Akwai wadda ke rataye a gindin gadon majiyyaci, mai faɗin maganin da ya sha, da ruwan da ya shiga cikinsa, da lokacin da aka juya shi domin kada bayansa ya yi gyambo. Wannan ta majiyyaci ce, ransa na cikinta. Akwai kuma wadda ake aika wa manya, mai hatimi da jan zare, wannan ta shugaba ce, kujerarsa na cikinta. A Stafford ba a karanta ta farko ba har mata ta mutu, ta biyu kuwa aka ƙawata ta har ta ci lambar yabo. A Orchid View aka yayyage ta farko, ta biyu tana cewa gida yana da kyau. Duk inda kuka ga ana wahala a kan ta biyu fiye da ta farko, ku fara haƙa kabari.

AMSA GA MASU CEWA MUN ƘI ILMI

Na san abin da 'yan koren manya za su ce. Za su ce akawun nan ya ƙi lissafi, ya ƙi tsari, so yake a koma zamanin duhu. Haba! Ni da nake kwana cikin lissafi?

A makarantar mishan an koya mana labarin Florence Nightingale, aka nuna mana hotonta riƙe da fitila tana zaga sojoji marasa lafiya a yaƙin Kirimiya, a 1854. Abin da ba a cika gaya wa yara ba shi ne matar nan gwanar lissafi ce. Ta ƙirga mamata, ta rarraba su bisa abin da ya kashe su, ta nuna wa gwamnatinta da adadi cewa cutar ƙazanta ta fi harsashi kashe soja nesa ba kusa ba. Lissafinta bai yi wa manyan soja daɗi ba ko kaɗan. Kun ga lissafin ƙwarai ke nan, wanda ke hana shugaba barci.

A Amurka an yi wani likitan fiɗa a birnin Boston, Ernest Codman. Ya ce kowane majiyyaci a bi sawunsa har shekara guda bayan an sallame shi, a ga ko ya warke, in bai warke ba a rubuta dalili, ko da laifin likita ne. 'Yan'uwansa likitoci suka tsane shi, ya bar babban asibitin da yake aiki a 1914. A ɗan asibitinsa na kansa ya buga sakamakon majiyyata 337, ya lissafa kuskure 123 da aka yi, ya sa sunansa a kai, ya rarraba wa duniya. A nuna mini shugaban asibiti guda cikin masu rataya takardar shaida a bango wanda zai iya wannan.

A 1966 kuma wani malami, Avedis Donabedian, ya raba awon aikin lafiya gida uku: kayan aiki da ma'aikata, yadda ake yin aikin, da abin da ya sami majiyyaci a ƙarshe. Har yau a kan wannan masana ke tafiya. To, manyanmu sun riƙe na farko, shi ma rabinsa, watau gini da fenti da injin da za a ɗauki hoto a gabansa. Na ukun, ko mutum ya tashi ko ya mutu, ba mai tambaya. Fankam fankam ba shi ne kilishi ba.

Turawan ma da suka ji jiki sun yi gyara. Daga 2014 doka ta tilasta wa asibiti ya gaya wa majiyyaci ko iyalinsa gaskiya in an yi kuskuren da ya cuce shi. A 2015 aka mai da wulaƙanta majiyyaci da gangan laifin da ake ɗaure ma'aikaci a kansa. Aka sake tsarin dubawa, aka ce masu dubawa su shiga ɗaki su yi magana da marasa lafiya. Duk da haka, a 2024 da aka binciki hukumar dubawar kanta, aka tarar wajen kashi ɗaya cikin biyar na wuraren da ke ƙarƙashinta ba a taɓa auna su ba, waɗansu kuma an yi shekaru ba a koma ba, har Ministan Lafiya ya ce hukumar ba ta iya aikin da aka kafa ta dominsa. Ƙasar da ke da kuɗi da ma'aikata da jaridu masu haƙori ke nan. In mai dubawa ya yi gyangyaɗi a can, a nan minshari zai yi.

MU KOMO GIDA

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da Julie Bailey ta yi har ya zama abin mamaki a Ingila, kwana a gindin gadon uwa, shi ne abin da kowace 'ya da kowane ɗa ke yi a asibitocinmu kullum. Mai jinya shi ke ɗebo ruwa, shi ke sayo magani da safar hannu, shi ke zubar da fo, shi ke bin nas yana roƙo. Wanda ba shi da kowa fa? Ku tambayi kanku wa ke juya shi cikin dare.

Na yi jinyar kawuna kwana 19 a wani asibiti, ba zan faɗi sunansa ba. Ran nan da asuba muka ga ana share-share, ana shafa farar ƙasa har kan duwatsun bakin hanya. Aka fito da zannuwan gado sababbi fil, aka shimfiɗa, aka kori masu jinya waje da tabarminsu da kwanukansu, aka ce kada a gan mu. Baƙi suka zo da rakiya, suka zaga ɗaki biyu, suka sa hannu a babban littafi, suka wuce wurin cin abinci. Kafin la'asar an bi gado gado an tuɓe zannuwan an mayar sito. Tsohon da ke gado na kusa da kawuna, wanda ba shi da mai jinya, ya yi awa shida a kan farin zane, iyakar rabonsa da ingancin aiki ke nan. Na tabbata rahoton wannan ziyara ya yi kyau. Da ni aka ba in buga shi, da ban sami kuskure ko ɗaya a ciki ba.

Dokoki kuwa muna da su. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ba sha'anin lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, shekara 20 ta wuce mai masaukin baƙi bai cika ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce kowane asibiti sai ya mallaki takardar shaidar cika sharuɗɗa. A 2018 aka sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da sha'anin tsofaffi ta ƙasa. Ba mu ƙi ko ɗaya ba. Tambayarmu ita ce wa zai duba, yaushe zai zo, wa ke biyansa, wa zai ga abin da ya rubuta?

Kada kuma mu ruɗi kanmu da cewa mu ba ma kai iyayenmu gidan tsofaffi. Gaskiya ne abin kunya ne a wurinmu, Allah ya sa ya daɗe yana zama abin kunya. Amma ku dubi birane. 'Ya'ya sun watsu neman abinci, gidan haya ɗaki ɗaya ne, tsofaffi nawa ke kwana a bakin kasuwa da tasha? Daga 2022 dubban 'yan Nijeriya suka tafi Ingila aikin kula da tsofaffin Turawa a irin gidajen nan, nasu iyayen suna nan. Ranar da attajiri zai lura akwai riba cikin ajiye tsofaffi tana zuwa, in ba ta riga ta zo ba. Gara a ɗaura masa linzami tun bai hau ba.

ABIN DA MUKE NEMA

Na ɗaya, mai dubawa ya zo ba sanarwa, ya zo da dare, ya zo ran hutu. Kada ya ci abincin wanda ya zo dubawa, kada ya hau motarsa, kada ya karɓi kuɗin mai daga hannunsa.

Na biyu, a rubuta a ƙofar kowane ɗakin kwanciya, kowace rana, gado nawa ne, nas nawa ya kamata su kasance, nawa ne suka zo. Wannan alli da allo kawai yake bukata. Nas guda ba ta iya jinyar mutum 40, ko an kafa mata kwamiti goma, kuma zalunci ne a bar ta ita kaɗai sa'an nan a zage ta.

Na uku, kowane asibiti da kowane gidan gajiyayyu ya buga adadin waɗanda suka shiga, da waɗanda suka fita da ƙafarsu, da waɗanda aka fitar, da Hausa, a manna inda kowa zai gani. Rahoton mai dubawa shi ma a manna shi, kada a kulle a durowa.

Na huɗu, littafin ƙara kada ya zauna a hannun wanda ake ƙara. A sa masu jinya da dattawan unguwa, maza da mata, cikin masu karɓar kuka, gama su ne ke ganin abin da ke faruwa bayan baƙi sun tafi.

Na biyar, ma'aikacin da ya tona ɓarna, nas ne ko akawu ko mai shara, doka ta tsare masa aikinsa. Wanda ya sauya takardar majiyyaci ko ya sa aka yayyage ta, a kai shi gaban alƙali shi da kansa, tara kuma ta fito daga aljihunsa, kada a taɓa baitulmali.

Na shida, duk wanda zai buɗe gidan ajiye tsofaffi don kuɗi, a san mai ginin, a san bashin da ke kansa, a san inda tsofaffin za su koma in ya karye.

Ba ɗaya cikin shidan nan da ke bukatar a tafi Landan koyo, ba kuwa wanda ke bukatar rancen ƙasashen waje. Abin da suke bukata shi ne shugaban da zai yarda a ga aibinsa, shi ya sa za ku ji an ce ba za su yiwu ba.

Kalma ta ƙarshe ga 'yan'uwana akawuna, ku da ke zaune a ofisoshin asibiti kuna buga rahoto. Ranar da aka miƙo muku takarda aka ce ku gyara adadi, ko ku sauya lokaci, ko ku jefa wannan a wuta, ku tuna da matar nan ta Orchid View. Hukuma mai ɗaruruwan ma'aikata ta zo ta duba ta ce lafiya lau, akawu guda ta ɗaga waya aka rufe gidan. Su kuma manya da ke sa hannu ba su karanta ba, muna tuna musu cewa tsufa ba ya tambayar muƙami. Yau jirgi na kai su asibitin waje, amma kujera ba gado ba ce, wata rana za a sauka, kuɗi kuma yana ƙarewa. Gadon da suka shimfiɗa wa iyayen talakawa yana nan yana jiransu, da ƙararrawar da ba mai amsawa.

Ku kuma masu karatu, duk wanda ya yi jinya ya ga abin da bai kamata ba, ya rubuto wa Edita, da rana da wata da abin da ya gani da idonsa, ban da ƙari, ban da jita-jita. Za mu tara, mu ƙirga, mu buga.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.

Naku,
Akawu